Magani Ya Riga Suna Zuwa: Tarihin Kifin Diskas da Baƙin Hanjinsa

Akwai wani kifin ado da ake kira diskas, ɗan asalin kogunan Amazon na ƙasar Birazil, wanda masu kiwonsa a tankunan gilashi suke yi wa kirari da sarkin kifayen ado. Jikinsa kewayayye ne kamar faifai, girmansa ya kai tafin hannun babban mutum, launukansa kuwa tun daga shuɗi da kore har zuwa ja mai ratsi-ratsi. Duk da wannan ƙawa, dangin karfasar da muke soyawa ne, domin masana sun sa su a babban gida guda. Tsada ce ta raba su: kuɗin babban diskas guda mai kyawun launi ya isa a cika kwando da karfasa.

Idan ciwon ciki ya kama wannan kifi, alamunsa kusan ɗaya ne ko a Jamus yake ko a Maleshiya. Launinsa ya dushe ya koma baƙi-baƙi, ya raɓe a lungun tanki, ya ɗauki abinci ya tofar. Sai a ga wani farin zare mai yauƙi yana bin bayansa a madadin kashi. In abin ya yi nisa, naman goshinsa ya zaizaye har kan ya zama kamar bakin wuƙa. Abin da mafi yawan masu kiwo suke fara ɗaukowa a wannan hali, mai karatu ya san shi sarai: metronidazole ne, wato Flagyl ɗin da ba a rasawa a kemis ɗin unguwa.

Ta yaya maganin da aka haɗa a Faransa domin wata cutar mata ya tsinci kansa a tankin kifin Amazon? Me kuma ya sa sau da yawa akan zuba shi, kifin ya ci gaba da ramewa har ya mutu? Amsar tana cikin tarihin da ya taho a baibai. Magungunan sun iso hannun masu kiwo shekaru da dama kafin a tantance ainihin halittun da ake yaƙa. Da aka tantance, sai aka tarar alamar nan guda ta farin kashi tana da masu haddasa ta aƙalla huɗu, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗaya.

Kifi a cikin kwalba

Turai ta fara sanin diskas ne a mace. A 1817 wani masanin halittu ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Natterer, ya bi tawagar masana da ta tafi Birazil albarkacin auren Gimbiya Leopoldina da yarima mai jiran gadon Fotugal. Sauran masanan sun koma gida, shi kuwa ya yi kusan shekara 18 yana ratsa koguna da dazuzzuka yana tara tsuntsaye da dabbobi da kifaye. Cikin abin da ya aika Biyana har da wani kewayayyen kifi daga yankin kogin Rio Negro. A 1840 Johann Jakob Heckel, masanin kifaye a gidan adana halittu na birnin, ya bayyana shi a rubuce ya raɗa masa suna Symphysodon discus. A 1904 Bafaranshe Jacques Pellegrin ya bayyana wani nau'in na biyu.

Kifin da aka jiƙa a sinadarin hana ruɓa yana nuna ƙaya da haƙori da ɓawo, amma ba ya nuna ƙananan halittun da suka yi iyo a hanjinsa, domin su kan narke jim kaɗan bayan mutuwarsa. Saboda haka ilimin kifin da ilimin cututtukansa suka taso a ɗakuna dabam-dabam. Tun a 1681 Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi na ƙasar Holan mai sha'awar goga gilashi, ya duba bayan gidansa a madubin da ya ƙera da hannunsa ya ga wata halitta tana motsi, wadda daga baya aka san ta da suna Giardia. A 1838, shekara biyu kafin Heckel ya raɗa wa diskas suna, Félix Dujardin na Faransa ya bayyana wata 'yar'uwarta mai iyo da siraran gasu kamar bulala. Ya ƙirga bulalun ya samu shida, sai ya kira ta Hexamita, ma'ana mai zare shida. Ashe takwas ne. Sunan ya zauna da kuskurensa, kuma shi ne sunan da masu kiwon diskas za su riƙe fiye da ƙarni guda bayan haka.

Abin da tanki ya canza

Sai a shekarun 1920 da 1930 diskas ya fara isa Jamus da Amurka da rai, cikin gwangwanaye a jiragen ruwa, kuma kaɗan ne ke kai labari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka buɗe kasuwar: jirgin sama, da ledar da ake cikawa da ruwa kaɗan da iskar shaƙa mai yawa. Manaus ta zama ƙofar fita, kifin da a dā ke makonni a hanya ya koma kwanaki.

Kifin ya taho da baƙinsa a ciki. A can gida zaman nasu na lumana ne. Ruwan Rio Negro baƙi ne kamar shayin da ba madara, tsaminsa kan sauka ƙasa da 5 a ma'aunin pH, kuma yawansa ya wuce misali. Duk ƙwai ko ƙwayar cutar da ta fita da kashin kifi, ruwa ya tafi da ita, da wuya ta koma bakin wanda ya fitar da ita. Binciken da William Crampton ya wallafa a 2008 kan diskas na daji a yankin Tefé ya nuna cewa yawancin abin da ke cikinsu gansakuka ne da ruɓaɓɓen tsiro, sai ƙananan ƙwari.

A tanki kuwa komai ya juye. Ruwa kaɗan ne, kifi da yawa, zafi digiri 28 zuwa 30 dare da rana, abinci kuma yawanci niƙaƙƙiyar zuciyar sa, wadda ke saurin ɓata ruwa. Diskas yana tsintar abincinsa a ƙasan tanki, daidai wurin da kashi ke sauka. Wannan yanayi ya yi tankaɗe da rairaya a cikin baƙin hanjin. Waɗanda sai sun bi ta jikin katantanwa ko tsuntsu kafin su cika rayuwarsu, yawancinsu sun ƙare, tunda ba tsuntsu a falo. Waɗanda ke tashi daga kifi zuwa kifi kai tsaye su suka samu aljannar duniya. Jerin cututtukan cikin diskas na yau, kusan jerin waɗanda suka tsallake wannan rariya ne.

Zamanin guba

Wani ɓangare na ilimin farko kan waɗannan halittu masu bulala a hanjin kifi ya fito ne daga gonakin gwamnati na ƙyanƙyasar kifin tirawut a Amurka, inda 'ya'yan kifi ke ramewa har kansu ya fi jikinsu girma. A farkon shekarun 1920 Emmeline Moore, masaniyar halittu da ke aiki da jihar Niyok, wadda daga baya ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana kifi ta Amurka, ta bayyana halittar da ke cikin hanjinsu ta kira ta Octomitus salmonis, mai zare takwas. Ita ta ƙirga daidai.

Maganin zamanin shi ne a cuɗa guba kaɗan a abinci da fatan ta kashe baƙon kafin ta kashe mai gida. An yi amfani da kalomel, wanda ke ɗauke da sinadarin makuri, da kuma kabason, wanda ke ɗauke da arsanik. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa siririya ce ƙwarai. Mai kifin ado guda biyar masu tsada ba shi da ƙarfin halin wannan caca, don haka yawancin masu kiwo suka dogara ga gishiri da ƙara zafin ruwa da canza shi.

A ɓangaren tsutsa ma sunaye sun fara fitowa a wannan zamani. A 1927 aka bayyana Camallanus cotti a Japan, jar tsutsar da kan leƙo ta duburar kifi. A 1933 aka bayyana Capillaria pterophylli, tsutsa siririya kamar gashi, a hanjin kifin anjel, ɗan'uwan diskas na kusa. A 1934 Satyu Yamaguti ya bayyana tsilar kifi ta Asiya, wadda cinikin kifi ya yaɗa zuwa kusan kowace nahiya. An san sunayen, magani ne babu.

Magungunan aro

Cikin shekara 15, tsakanin 1960 da tsakiyar shekarun 1970, aka samu magunguna huɗu da har yau su ne jarin mai kiwon diskas. Babu ko ɗaya da aka haɗa domin kifi.

Na farko shi ne metronidazole, wanda kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya fitar a 1960 da sunan Flagyl, domin wata cutar al'aura da wata halitta mai bulala, Trichomonas, ke haddasawa. Yadda yake aiki shi ne mabuɗin dukan wannan labari. Maganin yana shiga jiki ne a kwance, kamar harsashin da ba a harba ba. Halittun da ke rayuwa inda babu iskar shaƙa ne kaɗai ke da sinadaran da ke tayar da shi, in ya tashi kuma sai ya kakkarya ƙwayoyin gadonsu. Shi ya sa yake kashe Trichomonas da Giardia da amiba da danginsu. Shi ya sa kuma tsutsa ke iyo a cikinsa lafiya lau.

Na biyu levamisole ne, daga kamfanin Janssen na Beljiyam a 1966, wanda aka fara yi wa tumaki da shanu, kuma manyanmu suka san shi a matsayin maganin tsutsar yara da sunan Ketrax. Shi sandarar da tsokar tsutsa yake yi, ta saki bangon hanji, hanji ya tunkuɗo ta waje. Na uku dangin fenbendazole ne, wanda Hoechst na Jamus ya fitar a shekarun 1970, da ɗan'uwansa flubendazole na Janssen. Su kan rushe ginshiƙan da ke cikin ƙwayoyin jikin tsutsa har ta kasa cin abinci ta mutu a hankali. Na huɗu praziquantel ne, wanda kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka samar a farkon shekarun 1970. Shi ne ƙwayar da ake raba wa 'yan makaranta a Najeriya da Nijar domin tsargiya, cutar fitsarin jini. A tankin kifi aikinsa kashe tsila da sauran tsutsotsi masu faɗi.

Masu kiwo ba su jira masana ba. Cikinsu akwai likitocin mutane, irin su Dokta Eduard Schmidt-Focke na Jamus, ɗaya daga cikin iyayen kiwon diskas na zamani, kuma ta hannun irin waɗannan mutane ilimin kantin magani ya gangaro zuwa mujallun masu kiwo. Metronidazole ya yi abin mamaki: kifin da ya yi mako biyu bai ci ba ya dawo yana rububin abinci. Daga nan aka kafa wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, wai farin kashi Hexamita ne, Hexamita kuma Flagyl ne maganinta. Nasarar maganin ita ta kashe sha'awar bincike, domin wanda ya ga waraka ba ya tambayar sunan cuta.

Kama da wane ba ta wane

Tun a 1936 wani masani Bafaranshe, Georges Lavier, ya ware wani rukuni na waɗannan halittu da ya gani a hanjin kwaɗi ya kira shi Spironucleus, saboda cibiyoyin ƙwayarsu dogaye ne masu murɗewa, saɓanin na Hexamita masu siffar ƙwai. Matsalar ita ce madubin likita na yau da kullum ba ya nuna wannan bambanci sosai. Halittar da tsawonta bai wuce ɗaya bisa 50 na milimita ba, tana kuma gudu kamar an kore ta, duk kamarsu ɗaya. Sai da madubin lantarki, mai ƙara girman abu sau dubbai, aka iya raba gardama.

A 1995 Sarah Poynton da abokan aikinta, cikinsu har da Ruth Francis-Floyd ta Jami'ar Filorida, suka duba halittar da ke hanjin kifin anjel na gonakin Filorida da irin wannan madubi. Suka tarar Spironucleus ce, sabon nau'i, suka raɗa mata suna Spironucleus vortens. Bincike na gaba ya nuna cewa yawancin abin da aka yi shekaru ana kira Hexamita a jikin kifi dangin Spironucleus ne, ainihin Hexamita kuwa akasarinta a ruwa mai datti take rayuwarta ba tare da ta shiga jikin kowa ba. An yi shekara 30 ana kashe halitta da sunan wata. Sa'ar da aka yi ita ce Flagyl na kama su duka biyun, har yau ma kwalaben kantunan kifi na ɗauke da tsohon sunan.

Sa'ar ba ta kai ko'ina ba. A 1984 Eva Nohýnková, masaniya a birnin Firag, ta bayyana wata halitta mai bulala biyu kacal, Cryptobia iubilans, a cikin wasu kifaye dangin diskas. Ita ba ta tsayawa a kogon hanji. Takan kutsa cikin bangon tumbi, jikin kifin ya kewaye ta da ƙulli-ƙulli na tsoka, har tumbin ya daina aiki. A 2004 Roy Yanong da abokan aikinsa na ɗakin binciken kifin ado na Jami'ar Filorida da ke Ruskin suka wallafa rahoton yadda take kashe 'ya'yan diskas. Alamunta na waje su ne dai waɗancan: duhun launi, ƙin abinci, rama. Amma Flagyl ba abin dogaro ba ne a kanta, kuma halittar da ta ɓuya cikin ƙulli magani ba ya kai mata yadda ya kamata. Abin da ke rage ɓarnarta shi ne ware marasa lafiya, rage cunkoso da tsabtace ruwa. Mai kiwon da ya yi zagaye uku na Flagyl bai ga sauyi ba, mai yiwuwa da ita yake fama.

Haka labarin ramukan kai. Diskas kan fitar da ƙananan ramuka a goshi da kewayen ido, kuma an daɗe ana ɗora laifin kan Hexamita. A 2001 Paull da Matthews na Jami'ar Plymouth a Ingila suka binciki diskas 11 da anjel guda masu wannan ciwo, suka samu Spironucleus vortens a ramukan, har ma a ƙoda da hanta da saifar diskas ɗin. Wannan ya tabbatar da cewa halittar kan tsallake hanji ta bi jini. Duk da haka su kansu sun gabatar da ita ne a matsayin mai yiwuwar haddasawa, domin ana ganin ramukan a kifin da ba ya ɗauke da ita, kuma gurɓataccen ruwa da rashin ingantaccen abinci suna da nasu hannun.

Abin da madubi ke nunawa

Mutumin da ya fi kowa nacin mayar da masu kiwo ga madubi shi ne Dieter Untergasser na Jamus, wanda littafinsa kan lafiyar diskas ya fito da Ingilishi a 1991 cike da hotunan abin da ake gani a ƙarƙashin gilashi. Hujjarsa mai sauƙi ce: kuɗin madubin ɗalibai bai kai na manyan kifaye biyu ko uku ba.

Aikin bai bambanta da gwajin bayan gida na asibiti ba. Ana zuƙo kashin da ɗan bututu da zarar ya fita, kafin ya daɗe a ƙasan tanki, saboda halittu masu bulala kan mutu ko su watse cikin ɗan lokaci, wasu halittun ruwa marasa laifi kuma su mamaye shi su ruɗa mai dubawa. A ɗora a gilashi da ɗigon ruwan tankin, a duba a ƙarfi 100, sannan 400.

Spironucleus kan bayyana kamar ƙananan 'ya'yan kankana masu gudu a miƙe, suna juyi kamar mazari. Cryptobia ta fi ta siranta, tafiyarta a hankali, tana lanƙwasa jiki. Capillaria ba a cika ganin ta da kanta ba, ƙwanta ake gani: siffar ganga da toshi a kowane baki, kamar dai ƙwan wata tsutsar hanjin mutum da duk ma'aikacin ɗakin gwaji ya sani. Tsila kan zubo gaɓoɓinta farare masu faɗi. Camallanus ba ta bukatar madubi, jajayen zarurruka ne a dubura idan kifin ya tsaya cik. Akwai kuma wata babbar halitta mai gashi-gashi, Protoopalina symphysodonis, wadda aka bayyana a 1979 aka kuma raɗa mata suna daga sunan diskas ɗin kansa. Ganinta na da ban tsoro, amma babban kifi mai lafiya kan zauna da ita.

Sau da yawa kuma ba a ganin komai. Farin zaren nan majinar hanji ce da fatar cikinsa da ta saɓule, kuma duk kifin da ya kwana biyu bai ci ba zai iya fitar da ita, ko dalilin ƙin cin sanyin ruwa ne, ko gubar kashi da ta taru, ko wani babban kifi da ke korar sa daga abinci. Ganin 'yan Spironucleus ƙalilan ma bai isa hujja ba, tunda lafiyayyen kifi kan ɗauke su. Yawansu ne ke nuna cuta, yawan kuma kan biyo bayan wahala.

In an tantance, sai magani ya bi suna. Jagororin da Jami'ar Filorida ta fitar wa masu gonakin kifin ado sun ba da metronidazole a abinci, miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin kifi, kwana 5 a jere. In kifin ya daina ci, sai a zuba a ruwa, miligiram 5 a kowace lita, ana tsallake kwana ɗaya, har sau uku. Na abinci ya fi, domin shi ke kai wa hanji kai tsaye, wanda ke nufin jinkiri na rage damar waraka. Ga Capillaria da Camallanus, levamisole miligiram 2 a lita na tsawon awa 24, ko fenbendazole a abinci. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne maimaitawa bayan mako biyu zuwa uku, domin maganin ba ya ratsa ɓawon ƙwai, kuma ƙwan da ke ƙasan tanki zai ƙyanƙyashe bayan an ɗauka an gama. Dole a zuƙe ƙasan tanki bayan kowane zagaye, a kuma cire gawayin tace ruwa kafin a fara, in ba haka ba shi zai shanye maganin. Tsila kuwa sai praziquantel, tare da daina ba da ɗanyen abincin kududdufi, saboda ta jikin wasu ƙananan halittun ruwa masu kama da ƙuma take shigowa.

Raba ɗa da mahaifi

Akwai wata hanya da ba ta bi ta kantin magani ba, kuma ta taso ne daga wata baiwa ta diskas. A 1959 W. H. Hildemann ya wallafa bayanin yadda 'ya'yan diskas ke rayuwa a kwanakinsu na farko: suna manne wa jikin uwa da uba suna tsotsar wani yauƙi da fatarsu ke fitarwa, iyayen na karɓa-karɓa. A 2010 Jonathan Buckley da Katherine Sloman, tare da masana na cibiyar binciken Amazon da ke Manaus, suka nuna cewa yauƙin na ɗauke da sinadaran garkuwar jiki, kuma iyayen kan fara guje wa 'ya'yan wajen mako na uku, tamkar yaye.

Wannan kusanci shi ne kuma gadar da baƙin hanji ke bi daga tsara zuwa tsara. Ɗan kifin da ke kiwo a jikin uwarsa yana shan ruwan da kashinta ke ciki. Jack Wattley, mashahurin mai kiwo na Filorida, ya shahara da rainon 'ya'yan ba tare da iyaye ba, yana ciyar da su da haɗin gwaiduwar ƙwai da ake shafawa a gefen kwano. Daga baya wasu masu kiwo a Jamus suka kai dabarar ƙarshenta: a ɗauke ƙwai tun kafin ya ƙyanƙyashe, a wanke shi, a raine shi a tankin da kifi bai taɓa shiga ba, a samu zuriyar da ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan halittu. Farashin dabarar shi ne aikin dare da rana, da rasa abin da yauƙin iyaye ke bayarwa, da kuma zaman kulle na har abada, domin kifi guda daga waje, ko jiƙaƙƙiyar raga daga wani tanki, ya isa ya rushe aikin shekaru.

Yawancin kasuwa ba ta bi wannan hanya ba. Daga shekarun 1980 cibiyar kiwon ta koma Asiya, wato Tailan da Singafo da Hong Kong da tsibirin Penang na Maleshiya, inda aka fitar da launukan da babu su a Amazon. Kifi ya yi araha, ya kuma riƙa ratsa hannun dillalai da dama, kowanne da tankinsa da baƙinsa. Shi ya sa killace sabon kifi na mako huɗu zuwa shida a tanki na dabam, da kayan aikinsa na dabam, ya zama dokar farko ta masu kiwo na gaske.

Kuɗin zato

Mai zuba magani bisa zato yana biya ta hanya uku. Yana ɓata kwanakin da kifin ke da sauran ƙarfin cin abinci mai magani. Yana ɗora wa hantar mara lafiya nauyin abin da ba ta bukata. Yana kuma horar da halittun da suka tsira. Makiyaya tumaki sun riga sun ga ƙarshen wannan hanya: an fitar da thiabendazole, kakan su fenbendazole, a 1961, zuwa 1964 har an ba da rahoton tsutsar tumaki da ta daina jin sa. A asibitocin mutane ma an san Giardia da Trichomonas da suka bijire wa metronidazole. Magungunan huɗu ne, kuma ba wani kamfani da ke gaggawar haɗa na biyar saboda kifin ado.

Dokoki ma sun rabu. A Amurka ana sayar da garin metronidazole haɗe da praziquantel a kantunan kifi ba tare da takardar kowa ba. A Ingila da Jamus sai likitan dabbobi ya rubuta metronidazole. Tarayyar Turai ta haramta ba da shi ga duk dabbar da za a ci tun a shekarun 1990, Amurka ma ta hana, saboda fargabar abin da ragowarsa ke yi a jikin mai ci. Wannan gargaɗi ya shafi masu gonakin tarwaɗa da karfasa na ƙasashenmu kai tsaye: abin da ya halatta a tankin ado bai halatta a kifin da zai shiga tukunya ba.

Saura kuma mu da kanmu. Flagyl ɗin da ake zuba wa diskas a kan farin kashi shi ne wanda ake haɗiya a gidajenmu a kan kowace irin gudawa, alhali yawancin gudawa ƙwayoyin da ba ya taɓawa ne ke kawo ta, kuma ruwan gishiri da sukari ne abin da jiki ya fi bukata. Ma'aikacin ɗakin gwaji da ke ɗora ɗigon bayan gida a gilashi a asibitin garinku, da mai kiwon kifi a Penang da ke zuƙo kashi da bututu, aiki guda suke yi, wanda Leeuwenhoek ya fara a 1681: su ga abin da ke ciki kafin a buɗe kwalbar magani.